Masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa: dokokinsu, ƙungiyoyinsu, da abin da ya rage kafin su isa Kongolam

A tsakiyar watan Oktoban 2019, 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wata cibiyar gyaran hali da ke cikin garin Daura. Maza ne, daga yara 'yan shekara 7 zuwa magidanta 'yan shekara 40, kuma da yawansu an same su da mari a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an buɗe irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, inda aka tarar da mutum sama da 300. Fadar shugaban ƙasa ta yi Allah wadai, aka rufe gidaje da dama a jihohin Arewa, labarin ya zagaya duniya.

Akwai tambayar da ba a tsaya a kanta sosai ba a lokacin. Yawancin waɗanda aka tsare, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda halin da aka kasa gane kansa. Uban da ɗansa ya faɗa shan ƙwaya a wani ƙauye na Mai'adua ko Zango, ina kuma zai kai shi? Amsar wannan tambaya ta rataya ne a kan wata sana'a da har yanzu take neman wurin zamanta a Najeriya: sana'ar masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wane ne mai ba da shawara?

Ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa rukuni-rukuni ne, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a wannan fanni. Shi ke gano cuta, ya rubuta magani, ya kwantar da majinyaci idan ta kama. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana auna tunani da ɗabi'a da gwaje-gwaje na musamman, yana kuma yin jinya ta hanyar tattaunawa. Ma'aikacin jinya na sashen ƙwaƙwalwa shi ke tare da majinyaci dare da rana, kuma a asibitocin jihohi da dama shi ne ƙashin bayan aikin. Jami'in walwalar jama'a yana bin lamarin iyali, matsuguni da komawar majinyaci cikin al'umma.

Mai ba da shawara yana aiki ne da magana da sauraro. Ba ya rubuta magani. Yakan zauna da mutum zama bayan zama, bisa tsari da aka koya aka kuma gwada, domin taimaka masa ya gane abin da ke damunsa, ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, ya koma ga harkokinsa. Ciwon damuwa, yawan fargaba, firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, damuwar da ke kama mai jego, shaye-shaye da rikicin aure, duk suna cikin abin da yake fuskanta. Wajibi ne kuma ya san iyakarsa: idan ya ga alamun taɓin hankali mai tsanani, ko ya ga mutum na neman halaka kansa, aikinsa shi ne ya tura shi ga likita ba tare da jinkiri ba.

Bambancinsa da dattijon da ke yin nasiha a zaure yana cikin abubuwa uku: horo, riƙe sirri, da hukumar da za ta iya hukunta shi idan ya ci amana. Nasiha gaya wa mutum abin da ya dace ce. Wannan sana'a kuwa mafi yawanta sauraro ne da tambaya, har mai matsalar ya ga mafitar da zai iya bi.

Dalilin ɗaukar Kongolam a matsayin ma'auni

Kongolam, wadda mutanen yankin ke kira Kwangwalam, gari ne na kan iyaka a ƙaramar hukumar Mai'adua, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura, Baure, Sandamu da Zango. Ƙidayar 2006 ta nuna Mai'adua na da mutum sama da 200,000. Daga Kongolam hanya ke tsallakawa zuwa Ɗan Barto a Jamhuriyar Nijar, ta wuce Matamaye ta nufi Damagaram.

Abincin mutanen irin wannan gari a jikin iyaka yake. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, da kuma lokacin da aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, 'yan dako, direbobi, 'yan acaɓa, masu canjin kuɗi da masu sayar da abinci ne suka fara ji a jikinsu. Rasa sana'a dare ɗaya da tarin bashi suna cikin sanannun abubuwan da ke jefa mutum cikin ciwon damuwa, ko su tura matashi ga ƙwaya.

Iyakar kuma hanya ce ta masu ƙaura. Jami'an shige da fice sun sha tare matasa, musamman 'yan mata, da ake shirin tsallakawa da su zuwa Libiya ta wannan yanki. A ɗaya ɓangaren, yankin Kance na Nijar da ke maƙwabtaka da Mai'adua shi ne asalin mafi yawan mutum 92, galibi mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013. Duk wanda ya dawo daga irin wannan tafiya yana dawowa da abin da ido ba ya gani.

Game da shaye-shaye, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3. Mutum ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

Masu jinyar kuwa kaɗan ne, kuma a birane suke. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Arewa maso Yamma suna Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano. Daga Daura zuwa birnin Katsina kimanin kilomita 80 ne, zuwa Kano kuma ya fi haka. Binciken Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2006, ya gano cewa a jihohin Yarbawa, inda likitoci suka fi yawa, kashi 8 cikin ɗari kacal na masu matsananciyar larura ne suka samu wata kulawa a cikin shekara guda. Idan haka lamarin yake a can, ba sai an faɗi na garin kan iyaka ba.

Tushe biyu da suka daɗe ba su haɗu ba

Kula da masu taɓin hankali a hukumance ya faro ne da tsarewa. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen ajiye masu taɓin hankali a Kalaba da Yaba a farkon ƙarni na 20, suka kafa doka a 1916, wadda aka sabunta a 1958. Wannan doka ta bai wa likita da alƙali ikon tsare mutum, ba ta ce komai ba game da haƙƙinsa ko amincewarsa, kuma ba ta san da wata jinya ta hanyar tattaunawa ba. A wurare da dama gidan yari ne ya zama asibitin.

Wanda ya fara sauya wannan tunani shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har ma yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A 1991 Najeriya ta fitar da manufarta ta farko kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta sanya wannan fanni cikin ayyukan asibitocin matakin farko. An sabunta manufar a 2013 da 2023.

Sana'ar ba da shawara kuwa daga makaranta ta fito. Akan fara tarihinta daga 1959, lokacin da malaman Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban domin su faɗakar da ɗalibai mata masu kammala karatu kan zaɓen sana'a. Daga nan aka samu majalisar jagorancin sana'o'i ta Ibadan, wadda ta zama ta ƙasa baki ɗaya a shekarun 1960. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa Ƙungiyar Masu Ba da Shawara ta Najeriya, wadda aka fi sani da CASSON, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olu Makinde. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da buƙatar sanya masu ba da shawara a makarantun sakandare.

Wannan asali ya bar tasirinsa har yau. Mafi yawan masu digiri a wannan fanni sun fito ne daga tsangayoyin ilimi na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya da Bayero da ke Kano. An horar da su domin makaranta, ɗalibi da zaɓen sana'a fiye da asibiti da majinyaci. A makarantun ma, koken da ƙungiyarsu ta daɗe tana yi shi ne akan ɗora musu darussan aji, ofishin ba da shawara ya zama suna kawai. Sakamakon haka shi ne ƙasa mai ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa tana da ɗimbin masu ilimin sauraro da tattaunawa, amma tsarin lafiyarta bai buɗe musu ƙofa sosai ba.

Dokokin 2022 da 2023

Cikin wata kaɗan, a ƙarshen mulkin Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, aka samu dokoki uku da suka shafi wannan fage.

Ta farko ita ce dokar 2022 da ta kafa Majalisar Kula da Masu Sana'ar Ba da Shawara ta Najeriya, wato CPCN. Aikin irin wannan majalisa shi ne fayyace ilimin da ake buƙata kafin mutum ya shiga sana'ar, ajiye rajistar waɗanda suka cancanta, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Kafin wannan doka, duk wanda ya ga dama yana iya buga allo ya kira kansa ƙwararre. Ta biyu ita ce dokar da ta kafa majalisar kula da jami'an walwalar jama'a, ita ma ta 2022.

Ta uku, kuma mafi girma, ita ce Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa mata hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar 1958 bayan shekara 65. Tafiyar ta yi tsawo: an fara gabatar da ƙudirin a majalisar dattawa a 2003, aka janye shi a 2009, aka sake kawo shi a 2013 bai kai labari ba, sai a majalisa ta tara da Sanata Ibrahim Oloriegbe ya ɗauki nauyinsa. Dokar ta tanadi sashe na musamman na lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun kuɗi, da kwamitin duba koke. Ta hana nuna wariya a wurin aiki da wurin zama, ta bai wa majinyaci haƙƙin sa baki a tsarin jinyarsa, ta kuma haramta ɗaure mutane da sarƙa.

Sa hannu daban, aiwatarwa daban. Har cikin 2024 ƙungiyoyin fafutuka suna kira da a kafa sashen da asusun da dokar ta ambata. Ban da haka, a tsarin mulkin Najeriya manyan asibitocin jiha da asibitocin matakin farko suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Wannan ne ya sa wasu jihohi, kamar Legas da Ekiti, suka yi nasu dokokin. Asibitin da ke Mai'adua ko Kongolam yana jiran hukuncin da za a yanke a Katsina fiye da wanda aka yanke a Abuja.

Masu fafutukar

Rukuni biyu ne suka ja wannan gwagwarmaya. Na farko ƙungiyoyin masu sana'a ne: CASSON da takwararta APROCON a ɓangaren masu ba da shawara, Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Najeriya, Ƙungiyar Masanan Halayyar Ɗan Adam, da reshen masu aiki a asibiti. Su ke zuwa zaman jin ra'ayin jama'a a majalisa, su ke shirya tarukan ƙara wa juna sani, su ke rubuta ƙa'idojin aiki. Ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba, domin tambayar wanda ya cancanci yin jinya ta hanyar tattaunawa tana taɓa martaba da abincin kowane rukuni.

Na biyu ƙungiyoyin farar hula ne, yawancinsu na matasa. A 2016 Dakta Victor Ugo ya kafa MANI, Hauwa Ojeifo kuma ta kafa She Writes Woman a shekarar. A 2020 Hauwa ta tsaya gaban kwamitin majalisa ta yi magana a matsayin mai rayuwa da larurar, abin da ba a saba gani ba. Gidauniyar Asido ta Dakta Jibril Abdulmalik tana wayar da kai daga Ibadan. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta ɗauki masu ba da shawara a Keke Napep tana kai su unguwannin Maiduguri domin waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. A waje kuma, rahoton Human Rights Watch na Nuwamban 2019, wanda ya biyo bayan ziyarar wurare 28 a jihohi 8 da Abuja, ya nuna cewa ɗaure masu larura ba a gidajen mari kaɗai ake yi ba, har da wasu asibitoci da cibiyoyin gwamnati da majami'u.

Abin lura shi ne mafi yawan waɗannan muryoyi daga Legas, Abuja da Ibadan suke tashi, kuma da Turanci. Inda aka ga aikin ya yi ƙarfi a Arewa, kamar Borno, kuɗin ƙungiyoyin agaji ne ke ɗauke da shi, kuma irin wannan kuɗi yana da wa'adi.

Abin da sana'ar ke buƙata bayan lasisi

Horo na asibiti. Mai digiri a jagorancin ɗalibai yana buƙatar ƙarin watanni na aiki a gaban majinyata, ƙarƙashin sa idon ƙwararre, kafin a bar shi da mai jegon da ta daina cin abinci ko matashin da ke ƙoƙarin barin tiramol. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura wurare ne da irin wannan horo zai iya gudana.

Gurbin aiki da albashi. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikaci sai akwai gurbinsa a tsarin ma'aikata, da matakin albashi da hanyar ƙarin girma. Muddin hukumar kula da asibitoci da hukumar lafiya matakin farko ta jiha ba su tanadi wannan gurbi ba, mai lasisi zai ci gaba da neman aikin koyarwa ko ya tafi birni.

Kulawar na gaba. Mai sauraron labaran fyaɗe, garkuwa da mutane da mutuwa kullum, shi ma zuciyarsa na gajiya. A ƙa'idar sana'ar, kowane mai ba da shawara yana da babba da yake zama da shi lokaci-lokaci su duba aikinsa da halin da yake ciki. Ga ma'aikacin da ke shi kaɗai a ƙaramar hukuma, wannan na iya gudana ta waya, amma sai an tsara shi an kuma biya mai yi.

Hanyar biya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Jihar Katsina tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Idan zaman ba da shawara bai shiga jerin ayyukan da waɗannan tsare-tsare ke biya ba, sai mai hali kaɗai zai same shi.

Kariyar doka. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na kundin laifuka na Kudu, sun mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara guda. Wannan yana sa mai larura ya ɓoye abin da ya fi kamata ya faɗa, yana kuma sa mai ba da shawara cikin tsaka mai wuya. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023, gwamnatin tarayyar Najeriya kuma ta kafa kwamitin aiki a kan batun a Oktoban 2024.

Harshe. Wanda ya zo daga Kongolam ba zai ce yana da ciwon damuwa ba. Zai ce zuciyarsa na bugawa, ko kansa na zafi, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya ce an yi masa sammu. Jinyar da kayan aikinta magana ce ba ta yiwuwa da harshen aro, kuma a al'ummar da mace ba za ta buɗe cikinta ga baƙon namiji ba, dole ne a samu mata a cikin sana'ar.

Darasi daga wasu ƙasashe

Amurka, inda wannan sana'a ta fi kafuwa, ta nuna tsawon hanyar. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar, wato AMHCA, kuma a shekarar ce jihar Virginia ta zama ta farko da ta fara ba su lasisi. Jiha ta ƙarshe, Kalifoniya, sai a 2009. Shirin inshorar tsofaffi na gwamnati, Medicare, bai fara biyan aikinsu ba sai ranar 1 ga Janairun 2024, shekara 48 bayan lasisin farko. A mafi yawan jihohin ƙasar sai mutum ya yi digiri na biyu da awa 2,000 zuwa 3,000 na aiki ƙarƙashin sa ido kafin ya tsaya da ƙafarsa. A Kenya an yi dokar masu ba da shawara da masanan halayya a 2014, amma hukumar da za ta aiwatar da ita sai a 2022 aka ƙaddamar.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma sun nuna cewa ba dole ne a jira masu manyan digiri su wadata ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gano larurorin ƙwaƙwalwa da kula da su, kuma an gwada shi a jihohi irin su Osun da Binuwai. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna tattaunawa da masu damuwa har zama shida. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin adadin ya kusa kashi 50. A Pakistan, ma'aikatan lafiya mata na karkara sun samu irin wannan nasara da masu ciki da masu jego.

A irin wannan tsari, mai ba da shawara mai lasisi ba shi ke ganin kowa ba. Shi ke horar da malaman asibiti da ungozoma, ya sa ido a kan aikinsu, ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsu, ya tura na gaba ga likita. Ƙwararru biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma za su iya riƙe irin wannan sarƙa, alhali likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma abu ne da ƙasar ba ta kusa samu ba.

Malamai da masu maganin gargajiya

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, wanda hankalinsa ya gushe ko zuciyarsa ta ƙuntata yakan fara zuwa wurin malami domin addu'a, rubutu ko ruƙiyya, wani kuma wurin mai magani. Duk tsarin da ya yi kamar waɗannan ba su nan, zai zauna da ofis babu kowa. Gwajin da Farfesa Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan asibitin matakin farko wajen kula da masu taɓin hankali mai tsanani. Majinyatan da aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi fiye da waɗanda aka bari a tsohon tsari.

Mai ba da shawara da ya tashi a yankin, ya san limamin unguwa da mai gari, shi ya fi dacewa ya riƙe wannan alaƙa. Sharaɗinta a bayyane yake a doka: babu mari, babu duka, babu tsare mutum da yunwa. Masarauta, wadda hakimanta da dagatanta suka taka rawa wajen karɓar rigakafin shan inna a Arewa, tana da irin wannan dama a nan.

Inda hukuncin yake yanzu

Matakin gwagwarmayar da ya shafi Majalisar Tarayya an ci rabinsa. Abin da ya rage ya rarrabu a ofisoshi da za a iya ambata. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce ke da alhakin sashen da asusun da dokar 2023 ta tanada. Majalisar CPCN ce ke da alhakin fitar da rajistar da kowa zai iya dubawa, da fayyace ƙarin horon da mai aiki da majinyata ke buƙata. Majalisar Dokokin Jihar Katsina ce ke da ikon yin dokar jiha da gyara tanadin da ya shafi yunƙurin kashe kai a kundin laifukanta. Ofishin shugaban ma'aikata da hukumomin lafiya na jiha su ke buɗe gurbin aiki. Kasafin kuɗin jiha, wanda ake wallafawa kowace shekara, shi ke nuna ko an ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa layi nata, da kuma ko an saki kuɗin.

Ga matashin da ke bibiyar siyasa a Daura, Mai'adua ko Baure, tambayoyin da za a iya yi wa ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma gajeru ne. Masu ba da shawara nawa ne masu rajista ke karɓar albashin gwamnati a asibitocin masarautar? Malaman asibiti nawa aka horar da tsarin mhGAP, kuma wa ke sa ido a kansu? Idan aka kama yaro da ƙwaya a Kongolam, ko aka karɓo yarinya daga hannun masu safarar mutane, wa ke zama da su bayan an gama rubuta rahoto? Gidan da aka rufe a Daura a 2019 ya cika ne saboda iyaye ba su ga wata ƙofa ba, kuma buƙatar da ta kai su can tana nan har yau.